Karaban a Lungun Siddo

Shekara shida ke nan da Siddo ya shigo da karaban gidansa, kuma a cikin shekarun nan babu wanda ya zo gaishe shi ya tafi bai sha labarinta ba. Karaban ɗaki ne mai taya biyu da mota ke ja, da gado a ciki da wurin ajiye tukwane. Wasu Turawa ne suka bar ta a bayan wani gareji kusa da gadar Malanbil, tun zamanin da suke ratso hamada da tsofaffin motoci, ta zauna nan kaji suna yin ƙwai a cikinta har ranar da idon Siddo ya faɗa mata. A lokacin watansa biyu da ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya yana kula da injinan ban ruwa na fadamar shinkafa, kuma zaman banza ya fara cin ransa. Aka ɗaura ta a bayan amalanke, aka jawo ta cikin lungu har ƙarshensa inda gidansa yake, aka shigar da ita ta wurin da damina ta kayar masa da katanga. Daga baya ya mayar da katangar, ya ce in ranar fita ta zo ai ginin laka ne, rushe shi ba aiki ba ne.

Siddo yana cikin wata ƙungiya ta tsofaffin ma'aikata, su bakwai da matansu. Duk shekara in an gama yankan shinkafa, sanyi ya sauko, sai su ɗauki tantuna da tabarmi su tafi bakin kogi kusa da Tunuga su yi kwana uku. A gasa kifi, a sha shayi, a yi ta ƙaryar abin da aka yi a ƙuruciya. Matarsa Habsatu ta fi kowa son tafiyar, domin ita ƴar Tunuga ce, ƴar masunta, a cikin kwalekwale ta girma. Da an isa takan cire takalmi ta shiga ruwa har gwiwa, ta manta tana da jikoki.

Sai ciwo ya same ta shekara huɗu da suka wuce, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tun da aka dawo da ita daga asibitin Doso ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Duniyarta ta koma ɗaki da inuwar darbejiya a tsakar gida, inda ake fito da ita da hantsi a mayar da ita da la'asar. Nan ne karaban ta tashi daga abin wasa ta zama alkawari. Siddo ya dafa ƙirji ya ce a cikinta zai kai Habsatu bakin kogi, a kwance kan gado kamar matar gwamna, kuma shi ma ba zai ƙara zuwa ba sai da ita.

To, Siddo dai mutumin kirki ne, amma yana da wani hali: aikinsa ba ya ƙarewa. Ya canza ƙasan karaban da katako, ya ga katakon bai yi masa ba, ya ɓamɓare. Ya jira wata biyar a kawo masa tayoyi daga Kotonu. Ya yi fenti shuɗi, rana ta nuna masa wata ƴar lanƙwasa a gefe, ya kankare duka ya sake. Gadon kuwa sau uku yana auna tsayin Habsatu da metir kafin ya yanka ƙarfe. Duk shekara in an fara jin ƙamshin sabuwar shinkafa a unguwa, Habsatu takan dube shi daga kan tabarmarta, da bakinta da ya ɗan karkace, ta ce, "Malam, bana an gama?" Shi kuma ya ce saura kaɗan. Ƙungiya ta tafi ta dawo sau huɗu, su biyun suna zaune a gida suna kallon ɗaki mai taya.

Bana aka gama. Har Siddo da kansa ya zagaya ta sau biyu bai ga abin taɓawa ba, kuma sai ya ji wani iri a ransa, kamar an raba shi da wani abu.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, tsofaffin suka hallara. Zakari, tsohon direban asibiti, ya ajiye bashe ɗinsa a bakin titi, wato motarsa mai buɗaɗɗen baya wadda za ta ja karaban, domin motar ba ta shiga lungun. Aka sa diga aka rushe katanga, ba a yi awa guda ba. Sannan aka ɗauko Habsatu. Ta sa aka ɗaura mata zanen da ta daɗe tana ajiyewa, aka sa mata kwalli. Jannatu matar Zakari da wata suka kwantar da ita kan gadon, suka gyara mata matashi ta yadda za ta riƙa ganin waje ta ƴar tagar gaba, sannan matan suka yi gaba wajen mota. Siddo ya rufe ƙofa, wadda take a gefen dama, ya murɗa makulli don kada ta buɗe a hanya. Ya koma gaba ya kama ƙarfen ja, yana tafiya da baya yana ba da umarni, sauran suna turawa.

Taku goma na farko lafiya lau. A na goma sha biyar sai aka ji ƙiiii, gefen hagu ya goge bango. Siddo kuwa fentinsa kawai ya tuna.

"Ku ɗan karkato dama!"

Aka karkato, dama ma ta yi ƙara. A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Amma bakin titi yana nan gaba ana hango shi, taku goma bai cika ba, kuma tsofaffi bakwai da suka ji ƙarfinsu ya dawo ba su da niyyar tsayawa. Wani ya ce wuri ɗaya ne matsattse, in an wuce shi ke nan. Aka yi kabbara aka haɗa ƙarfi, maƙwabta biyu suka ƙara hannu. Karaban ta yi gaba kamar taku biyu da wata irin kururuwa, sannan ta cije.

Aka tura gaba, ta ƙi. Aka ja baya, ta ƙi. Aka ɗaura igiya a bashe ɗin Zakari, igiyar ta tsinke. Tsofaffin da ke baya sai ta ƙarƙashin karaban suka rarrafo gaba. Ƙofar karaban tana manne da bangon siminti na wani shagon ajiyar kaya, ko yatsa ba ya shiga tsakani.

Siddo ya tsaya yana duban bangayen biyu kamar yau ya fara ganinsu. "Ta nan fa na shigo da ita," in ji shi. "Ta nan, wallahi, har da sarari."

Hama maƙwabcinsa, mai bangon hagu, ya leƙo ta saman katanga. "Malam Siddo, wannan yaushe? Damina shida fa ke nan. Sau biyu ina sake bangon nan."

Siddo bai buƙaci ƙarin bayani ba. Kowa a unguwar ya san yadda ake yi. In bango ya fara tsagewa ba a rushe shi a bar iyali a fili, sai a tayar da sabo ta waje, a jikin tsohon, in ya bushe a cire na ciki. Kowane gyara yakan ci taƙi guda daga hanya, kuma babu mai ƙorafi tunda kowa yana yi. Shi kansa Siddo haka ya yi lokacin da ya mayar da tasa katangar. Kullum yana bin lungun sau biyar zuwa masallaci, bai taɓa jin ya matse shi ba, domin shi ba karaban ba ne. Ya auna gado, ya auna taga, ya auna har wurin ajiye buta, amma bai taɓa fita da metir ƙofar gida ba.

"A fasa bangonka, Hama, ni zan gina maka."

"Ɗakin kwanana ne fa. Azarar rufin a kansa take. In ka taɓa shi rufin zai sauko, kuma a kan matarka zai fara sauka."

Mai shagon siminti kuwa yana Yamai, wayarsa a kashe.

Rana ta ɗaga. Sanyin safiya ya gudu, kwanon karaban ya fara ɗaukar zafi har ba a iya dafa shi. A bayanta mutanen gida uku sun taru ba hanyar fita, kuma muryar Zuwera mai tuyar kifi ta fi ta kowa tashi, tana tambaya ko yau a tsakar gida ake so ta ci kasuwarta. Siddo bai ji ta ba. Ya taka ƙarfen ja ya manna fuska a tagar gaba, wadda ko ɗan akuya ba zai fita ta cikinta ba. Habsatu tana kwance yadda aka ajiye ta, gumi ya jiƙa mata wuya, kwallin ya fara gangarowa.

"Habsatu, sannu. Yanzu za a san yadda za a yi."

"Mun tsaya ne?"

"Mun ɗan tsaya."

Tana ta numfashi da baki. Can ta ce, "Ina jin ƙarar kamiyo." Manyan motocin kaya ne ke wucewa kan titi zuwa iyaka. Shekara huɗu tana jin su daga nesa, yau suna kusa. Sai ta ce a hankali, "Malam, akwai zafi."

Wannan kalma ita ta karya shi. Habsatu ba mai faɗin ciwo ba ce, ko ranar da ta faɗi ba ta yi kuka ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, cewa da hannunsa ya kulle ta a cikin tanda. Ya sauko ya ce a miƙo masa kurfin yanka ƙarfe da guduma daga motar Zakari.

"Siddo, tsaya tukuna," in ji Zakari. "Aikin shekara shida ne. Bari a nemo jak, ko a sace iskar tayoyi."

"An sace tun ɗazu, ba ka gani ba? Ba ni."

Shi ya san inda kowace ƙusa take, shi ya sa aikin bai daɗe ba. Ya sa bakin kurfi a ƙarƙashin tagar ya buga. Shuɗin fentin ya tsage. Ya bi layin har ƙasa, ya juyo, ya sa hannu biyu ya yage kwanon, ya karya katakon da ya yi wata guda yana gogewa. Da ramin ya isa, iska mai zafi ta fito ta buge su. Shi da Zakari suka shiga suka ɗago ta tare da katifar, suka fito da ita ta gaba, wajen titi.

Sai aka tsaya cirko-cirko, katifa a hannun mutum huɗu. Gida yana bayan karaban, ba hanyar komawa. Ƙasa kuwa duk kwata ce.

"Ku ɗora ta a mota mana, ku ma dai," in ji Jannatu.

Aka matsar da tantuna da buhun gawayi gefe, aka zura katifar a bayan bashe. Ta shiga daidai, har da ragowar wuri. Jannatu ta hau ta zauna kusa da kanta, ta buɗe laima, ta ba ta ruwa ta goge mata fuska. Aka tokare ta da tabarmi naɗaɗɗu don kada ta mirgina. Duka-duka aikin bai kai minti biyar ba.

Habsatu ta sha ruwan, numfashinta ya daidaita. Ta juya kai ta dubi titi, ta dubi masu kabu-kabu da mata masu tallan lemo, ta shafa gefen motar da hannunta mai lafiya. Sannan ta dubi mijinta. Babu faɗa a fuskarta, mamaki ne kawai.

"Malam, ashe katifa ce kawai."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Motar nan ta Zakari tana nan bara, tana nan bara waccan, tana nan tun kafin Habsatu ta kwanta. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Zakari ya dafa shi. "Hau mu tafi. In mun dawo a ji da wannan."

"A'a, Alhaji Zakari," in ji Hama, wanda ya tsallako katanga ya iso. "Gida uku a toshe, da tsohuwa, da mai ciki. Wa zai bar mana wannan kwana uku? Kuma in ba shi ba wa ya san yadda za a kwance ta ba a ja mini bango ba?"

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya sani. Sai an warware karaban gunduwa-gunduwa daga ciki, aikin kwana biyu ne ko uku ga mutum ɗaya da kurfi.

Siddo ya dubi Habsatu. A ransa ya san abin da za ta ce, domin shekara arba'in ita ce mai cewa a bari sai Malam ya shirya. Za ta ce a kai ta gidan Jannatu ta jira shi, in ya so a tafi baɗi. Har ya fara shirya yadda zai amsa mata.

Habsatu ta gyara kanta a kan matashi, ta ɗaga murya iya ƙarfinta don a ji ta a gaban mota.

"Alhaji, mu je, kada rana ta ƙara yi."

Zakari ya dubi abokinsa, sannan ya shiga ya tayar da mota. Sauran tsofaffin suka yi masa sallama a gurguje, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Bashe ta hau titi ta nufi hanyar Tunuga a hankali saboda mai jiki. Siddo yana tsaye a bakin lungu da guduma a hannu, yana kallon laimar Jannatu har wata babbar mota ta shiga tsakani. Daga bayan karaban Zuwera ta sake ɗaga murya tana tambaya ko an fara. Ya juya, ya sunkuya, ya shiga ta ramin da ya fasa.