Hannu a Kan Gwiwa

Rashida ta yi shekara shida tana tuƙa jirgi mai saukar ungulu, amma ta faɗi jarrabawar zama mai koyarwa. Mai jarrabawar ya zauna a kujerar ɗalibi yana kuskure da gangan, ita kuwa da jirgi ya ɗan karkata sai ta ƙwace sandar tuƙi. Ya rubuta cewa ɗalibinta ba zai taɓa koyo ba. Dama ɗaya ta rage mata, ranar Litinin. Ta zo gida Kambarawa ta yi kwana huɗu.

Ranar Asabar da hantsi mahaifiyarta, Hajiya Kubura, wadda ke ɗinki tun kafin a haife ta, ta ce a koya mata mota. Ta gaji da jiran mai adaidaita duk ranar da za ta sayo yadi a Babbar Kasuwa. Suka ɗauki motar gidan, suka tafi wani filin ƙwallo da babu kowa.

Ba su yi minti biyar ba Rashida ta kama sitiyari sau uku. A na ukun Hajiya ta taka birki, motar ta mutu.

"Ke, mene ne a gabanmu da zan buge?"

Rashida ta duba. Akwai turken raga, nesa da su sosai.

Hajiya ta tuna mata lokacin da take koya mata keken ɗinki. Ta ce yadi huɗu Rashida ta ɓata, har da wata atamfa mai ruwan goro, ita tana zaune tana kallo. Sau ɗaya ta sa hannu, ranar da yatsa ya nufi allura.

"Tun kafin ki zauna na san abin da zan bari ya lalace da wanda ba zan bari ba. Ke kin sani?"

Rashida ta buɗe ƙofar motar. Ta fita, ta ƙirga taku ashirin daga turken, ta ja layi a ƙasa da takalminta. Ta dawo ta ce, "Inna, kafin layin can baki kawai zan sa. In kin haye, zan ce na karɓa, ki sakar mini."

Motar ta tashi da tsalle, ta yi hagu, ta yi dama. Hannun Rashida ya ɗaga daga gwiwarta, ta mai da shi. Ta ce a sassauta mai, a dubi nesa, a daina kallon murfin injin motar. Saura taku biyu a kai layin, Hajiya ta karya kwana da kanta.

Sun zagaya filin sau tara. A hanyar gida Rashida ce ke tuƙi, tana lissafa nata layin a zuci: tsayi nawa daga ƙasa, karkata nawa, daƙiƙa nawa za ta jira. Hajiya ta tambaya ko gobe ma za su fito. Rashida ta ce za su fito, motar hayar da za ta koma da ita sai bayan Azahar.