Akwatin Evaristo da Wasan Ƙarshe

Mijina Evaristo direban bas ne a nan Barranquilla, kuma ba ya saya wa gidan nan ko cokali sai an gaji da roƙonsa. Firijinmu gurnani yake kamar tsohon jaki, fankar falo kuwa sai an zungure ta da tsintsiya take juyawa. Amma da ƙungiyar ƙwallon garinmu ta kai wasan ƙarshe na cin kofi, aka kuma sa shi aiki a ranar Lahadin da za a buga, sai ga shi ya shigo rungume da kwali kamar wanda ya ɗauko jariri daga asibiti.

Ya ce, "Nélida, zo ki ga ci gaba."

Na ce, "Ikon Allah! Sabon firijin ne ya ƙanƙance haka?"

"Ke ba ki san duniya ba. Wannan akwati yana naɗe duk abin da aka nuna a talabijin, mutum ya kalla sanda ya ga dama. Mai shagon ya ce har a waya ana iya kallo. Daga yau ƙwallo ce za ta jira ni."

Ya wuni yana haɗa wayoyi yana zufa. Takardar bayanin da ta zo a kwalin ya shimfiɗa wa kyanwa, domin a ganinsa wanda ya shekara ashirin yana tuƙa bas ya wuce a koya masa danna rimot. Ya saita akwatin ya fara naɗa sanda za a take wasa, ya tsaya sanda aka rubuta za a tashi.

Daga nan ya bi layinmu gida gida yana kafa doka. Duk wanda ya gaya masa yadda wasa ya ƙare kafin ya kalla, shi da shi har abada. Ya sa amininsa Wilfrido mai gyaran babur ya rantse. Har mahaifiyata Doña Eufemia, wadda ba ta san gola daga alƙalin wasa ba, sai da ya ja mata kunne.

Ta ce, "Evaristo, ni ina ruwana da ƙarti masu bin ƙwallo da gajeren wando?"

"Mama, ki dai yi alkawari."

Ranar Lahadi ya kashe rediyon bas, ya cusa auduga a kunnuwansa. Daga baya na ji fasinjoji sun yi ta ihu a sauke su yana wucewa da su, wata tsohuwa ma sai da ta ƙwala masa lema a kafaɗa kafin ya taka birki.

Da rana ta yi sanyi ya dawo. Unguwa tsit, ba kiɗa, ba hon, ba mai ko tari. Ya cire audugar, ya dube ni fuska cike da alfahari.

"Kin ga yadda ake girmama mutum? Unguwa guda ta kame bakinta saboda ni."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, maigida. Gari ma baki ɗaya."

Maƙwabta suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo taya shi kallo. Ƙarya suke, shi suka zo kallo. Na zuba musu miyar sancocho, Wilfrido ya kawo giya mai sanyi, kowa ya sami wuri ya ƙura wa mijina ido.

Evaristo ya sa rigar ƙungiya, ya danna rimot. Akwati ya yi aiki, hoto fes. Aka zura mana ƙwallo, ya zagi alƙalin wasa har kakanninsa. Muka farke, ya yi tsalle ya kusa sauko da fanka. Yana ta ba 'yan wasa umarni, su kuwa tuni sun yi wanka sun tafi gidajensu.

Wilfrido ya riƙa cewa, "Kai, mutumina, ko yaya za ta kaya? Gabana faɗuwa yake."

Lokaci ya cika ana kunnen doki. Alƙali ya nuna za a je bugun fenariti. Ɗan wasanmu na farko ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya taho a guje. Sai hoto ya ɗauke, talabijin ta yi shuɗi, ga rubutu cikin ladabi: an kammala naɗa.

Ya danna rimot. Ya girgiza shi. Ya buga shi a cinya. Ya durƙusa gaban akwatin yana lallashinsa da muryar da bai taɓa yi mini magana da ita ba.

Can ya juyo. "To, me ya faru?"

Wilfrido ya kurɓi giyarsa, ya ce, "Ni fa na rantse. So kake in shiga wuta a kan ƙwallo?"

"Na janye dokar!"

"Ai kai ka ce har abada."

"Nélida, ke matata ce."

Na ce, "Shi ya sa nake maka biyayya."

Ya laluba aljihu neman wayarsa, ashe tun safe ya kashe ta ya bar ta a bas don kada saƙo ya shigo masa. Tawa kuwa na zauna a kanta.

Mahaifiyata ce ta gaji. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki lemo daga faranti ta ajiye a ƙasa, ta ce wa Wilfrido ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannu. Ta tattare siket ɗinta, ta narka wa lemon ƙafa. Ya tashi sama, ya tsallake kan Wilfrido, ya faɗa gidan maƙwabta.

Ta ce, "Haka naku suka yi ta yi. Na ɗaya ɓangaren kuwa cikin raga suke sakawa. Ni na ɗauka wanda ya fi cillawa nesa shi ya ci, sai na ga mutane suna kuka."

Falon ya ɓarke da dariya, dariyar farko da aka yi a unguwar tun da aka tashi wasa. Evaristo ya zauna a ƙasa, ya tuɓe rigar ya rufe fuska da ita. Sai da na ji tausayinsa, kaɗan dai. Na ƙara masa nama a miya, ya cinye tas.

Washegari ya koma shagon da akwati a hammata, wai sun sayar masa da kaya mai tsayawa a tsakiyar hanya. Suka gaya masa lafiyar kaya ƙalau, kuma abin da aka buɗe ba ya dawowa. Ya dawo da shi ya dire a gabana, ya ce in yi abin da na ga dama. Yanzu ni da mahaifiyata muke naɗar wasan kwaikwayonmu na rana, mu kalla bayan mun gama aiki. Shi kuwa ya roƙi ubangidansa ya daina sa shi aikin Lahadi, an ce za a duba.