Biyu da Uku Bisa Takwas

Shekara goma sha tara na yi ina tambayar maza yadda suke ji. Aikina ke nan a jami'a a Kingston. Ni ba na yi wa kowa tiyata, ba na rubuta magani, ilimin halayyar ɗan Adam na karanta. Idan likita ya gaya wa namiji yana da ciwon dajin mafitsara, ya gama nasa ke nan, sai ni in biyo baya in ji abin da ya rage na mutumin. Yana barci? Yana cin abinci? Har yanzu yana zuwa teburin wasan domino, ko robar fitsari ta zaunar da shi a gida?

Namijin Jamaika kuwa, in kika tambaye shi baki da baki, ko yana kan gargara zai ce miki lafiya lau. Shi ya sa na tsara takardar tambayoyi wadda ba a sa suna. Ƙarƙashin kowace tambaya akwai layi mai lambobi daga sifili zuwa goma, mutum ya zagaye guda ɗaya. A saman takardar na rubuta alkawari da manyan baƙaƙe: babu wanda zai san kai ne, ko iyalinka. Ma'aikatan jinya ne ke raba ta a asibitoci, su tattara su aiko min a kwali.

A bana kwalaye uku sun yi wata huɗu a ƙarƙashin teburina, don ina fama da haɗa takardun neman zama farfesa. Sai da na miƙa su sannan na tura kwalayen wurin Miss Ionie, dattijuwar da ke shigar mana da amsoshi cikin kwamfuta tun ina ɗaliba. Ran nan da hantsi ta shigo ofishina tana kaɗa wata takarda.

"Dakta, ga wani mai taurin kai ya ɓata mana aiki. An ce ya zagaye lamba, shi kuma ya tsaya yana awo. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba. In jefar, ko in kai shi lamba mafi kusa?"

Na karɓa. Da faffaɗan fensiri aka cika ta. Bai zagaye komai ba. A kan kowane layi ya yi ɗan tsini mai kama da kan kibiya, irin wanda kafinta ke yi a jikin katako daidai inda zarto zai bi, ya rubuta awon a gefe. Barci, huɗu da rabi. Cin abinci, shida da kwata. Tambaya ta goma sha ɗaya ita ce, kana da wanda kake iya gaya wa damuwarka? A nan ya rubuta biyu da uku bisa takwas.

Da irin wannan tsinin aka riƙa auna tsayina a jikin ƙofar kicin ɗinmu a garinmu Black River, kowace shekara, har na kai sha biyar. Mahaifina, Maas Linval Gayle, kafinta ne, kuma ban taɓa ganin kunnensa na dama babu fensiri ba. Na duba hatimin da ke bayan takardar. Asibitin garinmu ne.

Ban san ba shi da lafiya ba. Kowane ƙarshen wata nake zuwa gida.

Na zauna ina jiran in ji wani abu, bai zo ba. Ko hawaye bai taru ba. Na san sunan wannan yanayin, har babi guda na rubuta a kansa, kuma sanin bai amfane ni da komai ba. Na ce wa Miss Ionie ta bar min takardar, ta ci gaba da sauran.

Ƙa'idar aikinmu a fili take. In ka gane mai takarda, ka cire ta daga bincike, ka kama bakinka. Ni nake koyar da wannan darasin, na ma taɓa kayar da wata ɗaliba don ta tare wani dattijo a kasuwa tana yi masa sannu da jiki. Saboda haka na sa takardar a aljihun tebur na murɗa makulli. Na ce wa kaina an yi wa mutumin nan alkawari, in ya so zai faɗa. Gaskiya kuwa ƙa'idar ta yi min daɗin ɓuya.

Ƙarshen wata na je. Ya rame, bel ɗinsa ya sami sabuwar huda wadda da gani da ƙusa aka yi ta. Ya dafa mana kifin gishiri da ɗanyar ayaba, ya ci loma uku ya ture. Sau huɗu ya tashi zuwa bayan gida kafin mu gama. Na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Lafiya lau." Ya ce, "Ya aiki?" Na ce, "Lafiya lau." Muka yi hirar farashin katako da rufin cocin da ke yoyo. Wata na biyu ma haka. A tsakani wasiƙa ta zo cewa na zama farfesa. Na karanta, na ninke, na tafi aji.

Wata na uku na same shi a rumfar aikinsa a bayan gida, zaune a kan benci, yana goge ƙafar wata kujera a hankali. Da can a tsaye yake aiki.

"A'a, manyan ƙasa. Farfesa da kanta," ya ce. "Zauna mana, in dai benci bai yi miki ƙasa ba."

Na zauna. Ya ci gaba da guga, bai kalle ni ba.

"Merline, wa ya ja miki layin nan?"

"Wane layi?"

"Na takardarki. Tsakanin bakwai da takwas ya fi sauran faɗi. Na sa tef na auna. Da yaron shagona ne ya yi wannan aikin, da tuni na kore shi."

Ban tambaye shi wace takarda ba. Wata kaza ta shigo ta tsattsaga garin katako ta fita.

"Ta iso ki ke nan," ya ce.

"Ta iso."

"Yaushe?"

"Wata uku ke nan."

Sai a nan ya ajiye kujerar ya dube ni. "Wata uku. Kika zo nan sau biyu kika ci kifina."

"Baba, akwai ƙa'ida. An rubuta a sama cewa ba wanda zai sani, ko iyali. Ba ni da ikon in..."

"Na karanta. Na kuma karanta abin da ke ƙarƙashinsa. Dakta Merline Gayle, shugabar bincike. Ke kin ɗauka ban iya karanta sunan da ni na raɗa ba?" Ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. "Yarinyar asibitin ta miƙo min biro. Na ce ta riƙe abinta, na ciro fensirina. Na ce duk ƙasar nan mutum ɗaya ce za ta ga wannan ta gane."

"Me ya hana ka faɗa min kawai?"

"In ce miki me? In zaunar da 'yata in yi mata bayanin abin da likita ya yi min da yatsa? Ke da kika ce a rediyo maza ba sa iya faɗa, shi ya sa kika yi musu takarda. To, na bi hanyarki."

Haka na faɗa a rediyo, kalma da kalma.

"Me likitan ya ce?"

"A lokacin cewa ya yi a yanka a cire. Ya ce in zo da wani nawa a yi shawara. Na ce 'yata na nan zuwa, ita ce ma ta fi ku sanin abin, ku bari saƙona ya same ta. Duk wata sai ya tambaya, in ce tana hanya." Ya shafa ƙugunsa. "Makon jiya ya ce zancen yanka ya wuce. Ya shiga ƙashi. Allura ce yanzu."

Na ƙirga a raina. Wata huɗu a ƙarƙashin tebur, wata uku a kulle cikin aljihun teburin. Na san abin da wata bakwai ke nufi a wannan ciwon, na sha nuna shi a allo a gaban ɗalibai. Har a lokacin ban ji komai ba.

"Tambaya ta sha ɗaya," na ce. "Biyu da uku bisa takwas. Su wa ka ƙirga?"

"Biyun, uwarki ce, Allah ya ji ƙanta. Ina zuwa kabarinta ran Lahadi, tana saurare, amsawa ce ba ta yi." Ya zaro fensirin daga kunnensa yana juya shi. "Ɗan abin da ya hau kai, ke ce. Na ce in bar miki wuri."

Ya jawo wani guntun katako, ya ɗora tef, ya ja layi miƙaƙƙe ya raba shi gida goma daidai wa daida. Na zaci sabon awo zai yi. Sai ya turo min katakon, ya ɗora fensirin a kai.

"Ke fa, Farfesa? Kin tambayi maza dubu biyu. Kina da wanda kike gaya wa?"

Na ɗauki fensirin. Da ɗumin kunnensa a jiki. Na riƙe shi a saman layin, na kai shi dama, na dawo da shi hagu, shi kuma yana zaune yana jira, yadda ya jira wata bakwai.