Sunan da Ke Bayan Motoci

Da mota ɗaya na kafa kamfanin nan na dakon kaya. Yanzu babban ɗana ne manaja. Ni an ajiye min ofis a ƙarshen baranda, da kujera mai juyawa da kwamfuta. Abu ɗaya nake yi da ita, in ga inda kowace mota take a kan hanya.

Bara suka ɗauki wata yarinya, jami'ar tsaron bayanai. Aikinta ta hana na waje leƙa sirrin kamfani, ta kuma gaya wa na ciki abin da za su buɗe da wanda ba za su buɗe ba. Direbobi Kwaɗo suke ce mata, don duk inda ta bi sai an kulle.

Wata safiya ta shigo ofishina ta gaishe ni da ladabi.

"Baba, kalmar sirrinka ce ta kawo ni. A canza ta."

"Me ta yi miki?"

"Har mai shara ya san ta. Sunan marigayiya Mama ne, kuma yana rubuce a bayan motocinmu duka."

"Ni na sa aka rubuta."

"Na sani. Amma duk wanda ya shiga da ita zai ga motar da ta ɗauki kaya masu tsada, da hanyar da za ta bi, da inda direba zai kwana. An riga an gwada daga waje. Ko lambobi ne a ƙara a jikin sunan."

"Matata ba mota ba ce da za a liƙa mata lamba. Jeki."

Kullum da yatsa ɗaya nake buga sunan nan. Nan ne kaɗai wurin da ya rage da nake kiran ta a amsa min. Wannan ba maganar da zan yi da sa'ar 'yar cikina ba ce.

Washegari na buga, allon ya ƙi buɗewa. Na sa aka kira min manaja da yarinyar.

"Ko ta buɗe, ko ta tattara kayanta," na ce masa.

Ɗana ya hau sosa ƙeya. "Baba, ai ka san yadda zamani..."

"Ba zamani na kira ba, kai na kira."

Yarinyar ta cire katin aikin da ke wuyanta ta ajiye a kan teburina. Ta dube ni ido cikin ido.

"Kamfaninka ne, Baba. Kana iya kora ta. Amma akwai direbobi a kan hanya yanzu haka, kuma da hannuna ba zan buɗe ba."

A gidan nan kowa "to, Baba" yake ce min, har wanda yake zagina a zuci.

"Sunan yana nan a ciki?"

"Yana nan. A kulle yake, babu mai shiga da shi."

"Ba za ki goge ba?"

"Ba zan goge ba."

"To ni ma ba zan canza ba. Ɗauki katinki."

Na miƙe na zare wayar kwamfutar daga bango, na ce wa ɗana ya kai kwamfutar ofishin yarinyar.

"Baba, to da me za ka riƙa ganin motocin?"

"Da me nake ganin su kafin a haife ka?"

Na ɗauki sandata na sauka gareji. Wata babbar mota na shirin fita, tayar baya ba iska sosai. Na buga ƙofa na ce wa direban ya sauko.