Katakon Bakin Gonata

A ƙauyenmu na bakin teku, ranar ashirin ga Yuni kowa ke zare katakon da ke tare ruwa a bakin gonarsa, ruwan shinkafa ya tsiyaye, ƙasa ta bushe har ta tsage. Haka muka taras. In ba a yi ba, saiwa ba ta kama ƙasa, injin girbi kuma ya nutse a taɓo.

Bana na ƙi.

Sanyi ya daɗe, talibambam ɗin gonata ko ƙafa ba su fitar ba. In na saki ruwa, kafin la'asar sun soye a rana. Babu su babu kwaɗi, ga shamuwa biyu da 'ya'ya uku a sheƙa a bayan gonar. Shekara arba'in ba mu ga shamuwa a kwarin nan ba, feshin maganin ƙwarin da muke yi ne ya ƙarar da su. Yanzu sun dawo, kuma ni Fusae zan kashe musu abinci saboda kalanda?

Matsalar ita ce gonar yayana Tokuji tana ƙasa da tawa, ruwana yana tsatsafowa cikin tasa. Shi ne kuma shugaban rabon ruwa na ƙauye. Ya zo da takalmin roba, fuska a murtuke.

"Fusae, zare katakon nan."

"Ina kwana, Yaya."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Gida talatin sun zare, ke kaɗai ce mai hankali?"

Na kamfato ruwa a tafin hannu, na nuna masa talibambam guda biyu suna wutsil-wutsil. "Duba. Da me za su yi tsalle? Ba ni kwana goma."

"Tsuntsu ne zai yi mini girbi?"

Ya sunkuya zai zare da kansa, sai na haye katakon na zauna daram, ƙafafuna cikin ruwa. Shekarata sittin da takwas, tasa saba'in da uku. Ya dube ni, ya dubi maƙwabta da suka tsaya kallo a kan hanya, ya juya. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba, don shi ya goya ni ina ƙarama. Amma ban tashi ba.

Kwana sha biyu aka yi kafin kwaɗi su cika gonar. Na zare katakon. A Yuli 'ya'yan shamuwa ukun suka tashi.

Da kaka, abin da Yaya ya faɗa ya faru. Injinsa ya kafe a gefen da ruwana ya jiƙa, sai da hannu za a yanka. Na ɗauki laujena na shiga ba tare da an kira ni ba. Kwana uku muna yanka kafaɗa da kafaɗa. Bayana kamar zai karye.

Ranar ƙarshe ya miƙe da ƙyar, ya dafe ƙugu.

"To, kin gani. Baɗi fa?"

"Baɗi ma ba zan zare ba, Yaya. Ka wasa laujenka."