Shanyar Baba Manthos

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Tsibirinmu ƙarami ne, kuma Baba Manthos yana nan da ransa, kullum yana shan gahawa a bakin tashar jiragen ruwa. Shi ya riƙe ni a coci ranar da aka yi mini baftisma, shi ya raɗa mini suna Garifalia. A wurinmu ba a duban idon irin wannan mutum a ce masa a'a.

Yana da ƙaramin jirgin nutso mai launin rawaya, wanda ke sauka da baƙi can ƙasan teku su kalli wani tsohon jirgin yaƙi da ya nitse. Yayana Lefteris ne matuƙin. Ni kuwa daga firamare ban ci gaba ba, sai Baba Manthos ya ɗauke ni aikin shara da wankin kujeru.

A cikin jirgin akwai wani akwati da ake cikawa da farar tsakuwa. Idan an rufe murfin jirgin, ita ke shanye gurɓatacciyar iskar da mutane ke fitarwa. In ta ƙoshi takan koma shunayya, a zubar, a fasa sabon gwangwani daga birnin Piraeus. Haka ake yi, har ranar da Baba Manthos ya leƙa bokitin da aka manta a rana, ya tarar tsakuwar ta sake yin fari fat.

"Ashe dukiya muke zubarwa!" in ji shi. "Rana da ke busar da ɓaure da tumatir, wannan ce za ta gagare ta?"

Lefteris ya ce masa launin ne kawai ke gushewa, tsakuwar ta riga ta mutu. Baba Manthos ya yi dariya ya ce masu sayarwa ne suka koya masa wannan karatun. Daga nan ya daina sayen sabuwa, ni kuma na sami ƙarin aiki: in kwashe tsakuwar in hau da ita rufin shagonsa, in baza kusa da ɓauren matarsa, in ta yi fari in mayar.

Wata ranar Laraba da yamma jirgin ya makara. Da ya fito aka buɗe murfi, Lefteris ya hauro fuska jawur, ya durƙusa a bakin katakon tasha yana amai. Wata tsohuwa Bajamushiya sai ɗauko ta aka yi, mijinta na biye yana dafe da kai.

"Jirin teku ne," Baba Manthos ya ce wa baƙin, yana raba musu lemo. Ya juyo ya daki kafaɗar yayana. "Kai kuma angon giya, jiya a gidan wa ka kwana?"

"Ban sha komai ba, Baba."

"To ciki gare ka ke nan. Mu fara ɗinkin kayan jariri?"

Masu gyaran taru suka kwashe da dariya. Lefteris ma ya yi ɗan murmushi, ya goge baki.

A gida Mama ta dafa miyar wake, Lefteris bai taɓa ba. Ya daɗe yana murmushe burodi kafin ya yi magana.

"A gefen jirgin yaƙin nan na ɗora hannu kan sandunan tuƙi zan taso da mu, sai na rasa wanne zan ja. Ina kallonsu, na san su kamar yatsuna, amma kaina ya ƙi. Barci kawai nake ji."

Mama ta yi alamar gicciye. "Gobe ba za ka sauka ba."

"In ban sauka ba surukin Baba Manthos zai sauka, wanda ko kwale-kwale bai iya juyawa ba. Kuma akwai yara cikin baƙin gobe." Ya ture kwanon. "Na faɗa masa har na gaji, Mama."

Sai ta dube ni. "Ke ce 'yarsa. Je ki, ƙila ya ji taki."

Na same shi a shagon gahawa yana caca da abokansa. Na tsaya a bakin ƙofa har ya hango ni.

"Ga bebiyata! Zo, 'yata. Miji kika samu ne?"

"Baba, tsakuwar nan…"

"Ta bushe?"

"Ta bushe. Amma Yaya ya ce…"

"Yayanki likita ne ko direba?" Ya ɗauko alawa daga faranti ya danƙa mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai kamar yadda yake yi tun ina ƙarama. "Jirgin nan limamin coci ya yayyafa masa ruwan albarka. Ni zan kashe ɗan marigayi abokina, mahaifinku? Da sassafe ki kwaso ta ki cika akwatin. Gai da mamarki."

Duk idanun shagon suna kaina. Na ce to, na fito. Na san ba mugunta ce ba, da gaske ya yarda da shanyarsa. Shi ya sa ma babu abin da zan faɗa ya ji.

Washegari na hau rufin kafin masunta su dawo. Duk tsakuwar da ta rage mana tana nan a baje, fara tas. In babu ita, jirgin ba zai sauka ba sai an sayo sabuwa. Na janye ɓauren matarsa gefe ɗaya, na lulluɓe shi da buhu. Sannan na jawo tiyon wankin kujeru, na buɗe famfo har ƙarshe. Na bi ta da ruwa ina takawa da takalmin roba har ta dame kamar kunu, tana gangarowa ta indararo. Inda ta fantsamar mini a hannu ya riƙa raɗaɗi.

Na kashe famfon, na naɗe tiyon na rataye a wurinsa. Na sauko na zauna a dakalin shago, bokitin wofi a gabana, ina jiran Baba Manthos ya zo da makulli.