Wanda Ya Turo wa Baba Saƙon

Kujerun banki na ƙarfe ne, masu sanyi, amma Kawu Hattara gumi yake yi. Kusa da shi surukinsa ne zaune, tsoho mai cin fansho, ya ɗora haɓa a kan sanda yana kallon layi kamar mai jiran mota.

Yaran dangi ne suka laƙaba wa Kawu sunan, don kowane saƙon da zai tura zauren dangi na waya da kalmar yake farawa. Hattara da man girki, hattara da cajar waya, hattara da baƙuwar lamba. Inshora yake sayarwa, tsoro ne jarinsa, kuma ko an tashi aiki ba ya rufe shago.

Jiya imel ya shigo masa da tambarin banki, launi da komai: wai 'yan damfara sun yi yawa, kowa ya latsa shuɗin rubutun da ke ƙasa ya tabbatar da lambar sirrinsa kafin a rufe asusu. Kawu bai kai ƙarshen saƙon ba, kalmar damfara kaɗai ta ishe shi. Ya kwafe ya watsa a zaure, ya ƙara da nasa: “Kowa ya yi yanzu-yanzu.” Shi kansa bai latsa ba. Aikinsa gargaɗi ne, bin gargaɗi na wasu ne. Dangi kuwa sun daɗe da daina karanta shi. Mutum ɗaya tak ya rage mai ɗaukar maganarsa da daraja, shi ne kuwa ya latsa, ga shi nan riƙe da sanda.

Aka kira su. Ma'aikaciyar ta rufe katin bankin tsohon, ta daɗe tana duban na'urarta.

“Baba, sun kwashi mafi yawan kuɗin. Za mu bi sawu, amma ba zan yi maka alkawari ba.”

“Allah ya sa haka ne mafi alheri,” in ji tsohon.

“Ka riƙe wannan, Baba. Banki ba ya tambayar lambar sirri, ko ta imel ko ta waya. Duk saƙon da ya ce maza-maza, to ka tsaya. Kuma ka ga ko sunanka ba su ambata ba, sai abokin hulɗa. Ko ba haka ba, Yallaɓai?”

“Haka ne,” in ji Kawu. Muryar ta fito kamar ta aro.

“To, imel ɗin kai tsaye ya zo maka?”

“Ni ina na ga imel, 'yata? Turo min aka yi.”

“Wa ya turo?”

Tsohon ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama.

“Idon ya tsufa, ba na ganin ƙananan rubutu.”

“Kawo wayar in duba maka.”

Ya miƙa mata, ba don ya so ba. A saman saƙon akwai ɗan hoto zagayayye: mutum cikin kwat, ya harɗe hannuwa a ƙirji, yana murmushin wanda ba a taɓa cuta ba. Kawu ya tuna har kuɗi ya biya aka ɗauke shi. Ta dubi hoton, ta dubi Kawu, ta sake duban hoton. Kwat ɗin ma ita ce a jikinsa.

Ta mayar da wayar a hankali, a kife.

“Wanda ya turo ma yaudararsa aka yi,” ta ce.

“Mutumin kirki ne,” in ji tsohon. “Hannunsa ne ya fi idonsa sauri.”

“To a faɗa masa ya koma inda ya watsa, ya ce ƙarya ne, kafin wani ya faɗa.”

“Zai ji,” in ji tsohon.

Da an zage shi, da Kawu ya samu abin riƙewa. Ya taimaka wa surukinsa ya miƙe, mai gadi ya buɗe musu ƙofa har da sara masa.

A waje ya tsaya jikin mota, makulli a hannu.

“Baba, ni ne...”

“Malam, rana ta yi zafi. Kai ni kantin magani, na hawan jini ya ƙare.”

Suka kama hanya. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, matarsa ce, tana son jin yadda aka yi da mahaifinta. Bai ɗauka ba. A bakin kantin ya yi ta maza, ya ce, “Baba, ni zan biya.”

“Na sani,” in ji tsohon.

Ya tsaya gaban kwandunan da ake zuba saye a ciki, ya dubi ƙarami, sannan ya miƙa wa Kawu sandarsa ya ɗauki babban.